Auna Zaiba a Cikin Ruwa

Gabatarwa

Zaiba ƙarfe ce mai ƙyalli kamar azurfa, wadda take kwarara kamar ruwa ko da ba a ɗora ta a wuta ba. Masu haƙar zinariya da hannu a Ghana da Nijar da Sudan sukan cuɗa ta da garin dutse don ta kama zinariya, sannan su ƙona dunƙulen, zaibar ta tashi tururi, zinariyar ta rage. Wadda ta shiga kogi kuwa, ƙwayoyin bakteriya na cikin laka suna mayar da ita metil-zaiba, wadda take taruwa a jikin kifi, ta lalata ƙwaƙwalwa da jijiyoyin mai cin sa. Haka ya faru a Minamata ta ƙasar Japan, inda aka gano cutar a 1956. Da sunan garin aka kira yarjejeniyar taƙaita amfani da zaiba da ƙasashe suka ƙulla a 2013, ta fara aiki a 2017.

Wahalar awo

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade kada zaiba ta wuce mikrogiram 6 a litar ruwan sha. Mikrogiram shi ne kashi ɗaya cikin miliyan na giram. Wato cokalin shayi ɗaya na zaiba, in ya narke, ya isa ya kai ruwa lita miliyan 11 ga wannan iyaka. Ido ba ya ganin wannan, harshe ma ba ya jin sa.

Hanyar tururi mai sanyi

Hanyar da ɗakunan bincike suka daɗe suna bi ita ce wadda Hatch da Ott suka bayyana a 1968. Ana zuba wani gishirin kuza a cikin ruwan, wanda yake mayar da narkakkiyar zaiba ƙarfe zalla. Sai a busa iska ta kwashe tururin zuwa cikin wani bututu, a haska shi da haske mai tsawon zango nanomita 253.7. Ƙwayoyin zarrar zaiba suna shanye wannan haske, don haka gwargwadon raguwarsa, gwargwadon yawan zaibar. In ta yi kaɗan ƙwarai, akan fara tara tururin a kan zinariya, sannan a zafafa ta ta sake shi gaba ɗaya. Dabarar mahaƙa ke nan aka juya: a can zaiba ke kama zinariya, a nan zinariya ke kama zaiba. Sai dai na'urar tana da tsada, tana kuma bukatar lantarki da ƙwararre.

Dasa ƙwayoyin sinadari a kan zinariya

Saboda haka masana suka nemi ƙaramin ma'auni da za a kai bakin kogi. A 1983 Nuzzo da Allara suka nuna cewa ƙwayoyin sinadari masu ɗauke da farar wuta suna manne wa fuskar zinariya da kansu, su jeru layi ɗaya kamar gashin buroshi. Kowace ƙwaya tana da sassa 3: gindi mai riƙe zinariya, da jiki, da kai. Kan shi ne mai bincike yake zaɓa, ya sa abin da zai cafke zaiba. Misali, tayimin, ɗaya daga cikin tubalan DNA: guda 2 nata sukan riƙe zaiba ɗaya a tsakaninsu, ba kasafai suke kula wasu ƙarafa ba.

Da zarar an cafke zaibar, sai wata alama ta sauya. A wasu ma'aunai ƙarfin lantarkin da yake ratsa fuskar ne yake canzawa. A wasu kuma mitsi-mitsin zinariya ne da ke cikin ruwa suke dunƙulewa, launin ya koma shuɗi daga ja.

Kammalawa

Ƙananan ma'aunai suna da nasu rauni. Dattin kogi yakan rufe fuskar zinariyar, kuma yawancinsu narkakkiyar zaiba kaɗai suke gani, ban da wadda ta maƙale a laka ko a naman kifi. Don haka aikinsu shi ne nuna inda ake zargi, ɗakin bincike kuma ya tabbatar.

Tambayoyi

1. Me ya sa zinariya take da amfani wajen auna zaiba?
2. Bayyana sassa 3 na ƙwayar da ake dasawa.