Makarantar Da Muke Korar 'Ya'yanmu Daga Cikinta

Masu iya magana sun ce na gaba ya yi gaba, na baya sai labari. Duk wanda ya san Birnin Kudu da Gwaram kafin a ƙirƙiro Jihar Jigawa a shekarar 1991, zai shaida cewa kayan fasahar da ke gidan talaka a lokacin ba su wuce rediyo da tocila da keken ɗinki ba. Wayar salula ta shigo ƙasar nan a 2001, ƙaramin janareta ya biyo baya, sa'annan tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, farantan sola suka ƙara yawa a kan rufin gidaje da shaguna. Kaya dai sun iso, amma shin sanin yadda suke aiki ya iso tare da su?

Amsar tana bayyana a ranar da abu ya lalace. Da zarar janareta ya ƙi tashi, abin da maigida kan fara yi shi ne daka wa yara tsawa: "Ku matsa, kada wanda ya taɓa!" Sai a ɗora shi a babur a kai wa mai gyara, a biya, a dawo da shi, babu wanda ya ƙaru da komai. Alhali kuwa a nan darasin yake. Injin nan abu uku kawai yake buƙata: mai, da iska, da tartsatsin wuta daga fulogi. Ƙaramin janaretan da ake haɗa wa fetur da baƙin mai, idan baƙin man ya yi yawa sai fulogi ya yi baƙi, tartsatsi ya ɗauke. Yaron da ya kwance fulogin da hannunsa, ya goge, ya mayar, ya ji inji ya tashi, ya fahimci abin da alli da allo za su yi mako guda suna ƙoƙarin fahimtar da shi.

Haka abin yake ga sola. Idan hunturu ya shigo, ƙura ta lulluɓe faranti, sai wuta ta ragu, a yi ta zargin mai sayarwa da ha'inci, alhali tsumma mai laushi da ruwa kaɗan sun wadatar. Batirin da ake zuƙe wa caji ƙarƙaf kowane dare kuwa ba ya daɗewa, kuma kuɗinsa ba wasa ba ne ga manomin da ya sayar da amfanin gonarsa ya saya. Wayar da ta ƙi caji ma, sau da yawa datti ne ya toshe bakinta, ko kuma cajar ce ta mutu. Yaron da aka koya wa ya gwada wata caja, sa'annan wani soket, yana sauya abu ɗaya a kowane gwaji har ya gano mai laifin, to ya kama hanyar binciken kimiyya ke nan, ko da bai san sunanta ba.

Hasali ma gwamnati ta daɗe da sanin muhimmancin wannan. Tsarin ilimi na 6-3-3-4 da aka fara a 1982 ya shigar da darasin gabatar da fasaha a ƙananan sakandare, amma a makarantu da dama kayan aikin sun tsufa cikin akwatuna, saboda rashin wuta da rashin malamai. Jigawa tana da Kwalejin Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu a Kazaure, Birnin Kudu kuma tana tinƙaho da Kwalejin Gwamnati wadda ta yaye manyan mutane, ciki har da Alhaji Aliko Dangote. Sai dai icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Makaranta ba ta iya dasa sha'awar da aka kashe tun daga gida.

Wani abin lura shi ne harshen da ake wannan koyo da shi. A rumfar mai gyara babu wanda ke jiran Turanci. Ana cewa fulogi ya ci wuta, batir ya sha caji, waya ta haɗe, fis ya ƙone, kuma kowa ya gane. Wannan shaida ce cewa Hausa na iya ɗaukar ilimin fasaha. Gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife daga 1970, inda aka koyar da yaran firamare da Yarabanci, ya nuna cewa yaro ya fi fahimta da harshen da ya tashi da shi. Abin da ya rage shi ne malamin kimiyya ya ɗora bayaninsa a kan abin da yaro ya taɓa da hannunsa a gida.

Kada mai karatu ya raina wannan. William Kamkwamba na ƙasar Malawi yana ɗan shekara 14 ya haɗa injin samar da wuta daga iska da tarkacen keke. A nan Kano ma, a 2007, Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin Jami'ar Bayero, ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da tsofaffin kayan mota da babur. Dukansu da kwance-kwance suka fara.

To amma akwai iyaka. Wutar KEDCO mai ƙarfin bolt 230 ba abin wasan yara ba ce, aikinta na ƙwararru ne. Haka nan hayaƙin janareta a cikin ɗaki ko rufaffen zaure yana kisa ba tare da mutum ya farga ba. Sanin abin da ba a taɓawa shi ma ilimi ne, kuma uba ne ya kamata ya fara koyar da shi.

Saboda haka kirana ga iyaye shi ne, duk ranar da fanka ko tocila ko keken ɗinki ya samu matsala, a kira yara su tsaya su gani, su yi tambaya, har da 'ya'ya mata, domin su ne suka fi wuni da kayan nan a cikin gida. Idan kuma ta kama a je wurin mai gyara, a tafi da yaro, a roƙi mai gyaran ya yi bayani. Kuɗin gyara dai za a biya shi ko ta yaya. Asara ce a biya shi a dawo gida da inji kaɗai, a baro ilimin a can. Allah Ya sa mu dace.