Tsakanin Jiyya da Tuba: Nazarin Martanin Masu Kallo ga Wasannin Mafiya da Daba

Tsakure

Wannan maƙala ta duba yadda masu kallo ke karɓar wasan kwaikwayon talabijin da aka gina a kan rayuwar gungun miyagu, musamman idan aka nuna mugun yana neman maganin damuwar da ke cin zuciyarsa. An ɗauki wasan nan na Amurka mai suna The Sopranos a matsayin misali, sannan aka kwatanta muhawarar da ya haifar da wadda ake yi a Jihar Kano kan finafinan daba, har a garuruwan noman rani irin su Madobi, Kura da Bunkure. Maƙalar ta nuna cewa tushen saɓanin masu kallo shi ne haɗa abu biyu da malaman Musulunci suka daɗe da bambantawa, wato sauƙaƙa ciwon rai da kuma sauke nauyin haƙƙi.

1.0 Gabatarwa

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, yankin Kadawa da maƙwabtansa suka zama wurin da noma ba ya yankewa rani da damina. Shinkafa da tumatir da albasa sun kawo kuɗi a hannun matasa, kuɗin kuma ya kawo wayar hannu. A yau saurayin da ya wuni yana ban-ruwa a gona, da ya yi sallar isha'i sai ya zauna a majalisa ya kalli fim mai dogon zango, ko dai ta YouTube ko wanda aka tura masa a shagon masu tura finafinai. Daga cikin waɗanda suka fi jan hankalin matasa akwai na daba, inda jarumin labarin yake riƙe da wuƙa, yana da yara, yana da unguwar da ake shakkarsa.

Iyaye da malamai sukan tambaya: shin irin wannan kallo faɗakarwa ne ko koyar da ɓarna? Tambayar ba a Kano kaɗai aka yi ta ba. Amurkawa sun shafe shekara takwas suna jayayya a kanta, kuma tasu ta ƙara da wata matsala mai amfani ga ɗalibin addini, domin mugun nasu yana zuwa wurin likitar ƙwaƙwalwa duk mako.

2.0 Mugu a Ɗakin Likita

Tashar HBO ta fara nuna The Sopranos ranar 10 ga Janairu 1999, ta kammala ranar 10 ga Yuni 2007, cikin kashi 86. David Chase ne ya ƙirƙiro shi. Labari ne na Tony Soprano, wanda James Gandolfini ya fito a matsayinsa, jagoran wani gungun Mafiya a jihar New Jersey. Abincinsa caca ne da ba da bashi da ruwa da karɓar kuɗin dole daga 'yan kasuwa, kuma wanda ya tsaya masa a hanya yakan rasa ransa. A gida kuwa magidanci ne mai mata da 'ya'ya biyu da tsohuwar uwa mai wuyar sha'ani.

Wasan ya buɗe da wani irin firgici da ke kama Tony, numfashinsa ya sarƙe har ya faɗi a sume. Wannan ya kai shi wurin likitar ƙwaƙwalwa, Dakta Jennifer Melfi, wadda ta haɗa masa ƙwayar magani da jiyyar zantawa: ya zauna ya faɗi abin da ke damunsa, ita kuma ta taimaka masa ya gano asalinsa. Tun zaman farko ta sanar da shi cewa idan ya gaya mata zai cutar da wani, doka ta tilasta mata kai rahoto. Saboda haka ya koyi yin magana a kan uwarsa da mafarkansa da ɓacin ransa, ya bar jinin da ke hannunsa a bakin ƙofa.

Abin lura shi ne yadda yake amfani da abin da ya koya. Da likitar ta ba shi shawara kan tafiyar da tsofaffi, cewa a bar su su ji kamar iko na hannunsu, sai ya ɗora baffansa a kujerar shugabancin gungun da suna kawai, shi kuwa ya ci gaba da juya al'amura ta bayan fage. Maganar da aka yi don gyaran zumunci ta zama dabarar mulkin miyagu.

3.0 Yadda Masu Kallo Suka Rabu

Ana iya kasa martanin masu kallo gida uku. Kashi na farko su ne waɗanda suka so Tony saboda sun ga rauninsa. A kashi na biyar na zangon farko ya kai 'yarsa duba jami'o'i, a hanya ya gane wani tsohon ɗan gungun da ya tona musu asiri, ya shaƙe shi da hannunsa har lahira. Shugabannin tashar sun ji tsoron masu kallo za su tsane shi daga nan. Hakan bai faru ba, farin jinin wasan ma ƙaruwa ya yi. Wanda aka nuna maka kukansa da ƙuruciyarsa, zuciya takan nema masa uzuri ko da ido ya ga abin da ya aikata.

A zango na uku, cikin 2001, an jarraba masu kallon su kansu. Wani ya yi wa Dakta Melfi fyaɗe, aka kama shi, aka sake shi saboda kuskuren 'yan sanda wajen bin ƙa'ida. Kalma ɗaya za ta faɗa wa Tony a kashe mutumin, amma ta yi shiru. Da yawa daga masu kallo sun so ta faɗa. Ta haka wasan ya nuna musu cewa su ma, idan abin ya zo kansu, suna sha'awar adalcin ɗan daba.

Kashi na biyu su ne masu ganin jiyyar ba ta da amfani ga irin wannan mutum. Hujjarsu tana cikin wasan. Matarsa Carmela ta je wurin wani tsohon likita mai suna Krakower, wanda ya gaya mata ƙiri-ƙiri cewa ta kwashi 'ya'yanta ta bar gidan, kada ta ɗauki ko sisi, ya kuma ƙi karɓar kuɗin aikinsa domin a ganinsa kuɗin jini ne. Ba ta bi shawarar ba. Ko da ta rabu da mijin daga baya, neman matansa ne sanadi, kuma ta koma bayan ya yarda zai biya mata kuɗin wani fili. A kashi na kusa da ƙarshe Melfi ta karanta binciken Samuel Yochelson da Stanton Samenow, wanda juzu'insa na farko ya fito a 1976, aka nuna ta fahimci cewa zantawa na iya ƙara wa riƙaƙƙen mai laifi ƙwarewa wajen yaudara. Nan ta sallame shi.

Kashi na uku su ne likitocin kansu. Ƙungiyar masana wannan fanni ta Amurka ta karrama Lorraine Bracco, wadda ta fito a matsayin Melfi, a 2001, amma da yawansu ba su ji daɗin yadda ta yanke hulɗa da majinyacinta farat ɗaya ba. A wurinsu aikin likita jiyya ne, hukunci kuma na alƙali ne.

4.0 Finafinan Daba a Kano

Daba tsohon al'amari ne a Kano, yana da alaƙa da farauta da tauri da bangar siyasa tun shekarun 1950. Shigarta cikin finafinai masu dogon zango ce sabuwa. Shirin A Duniya, na Tijjani Asase, ya fito da rayuwar 'yan daba da shaye-shaye a fili, kuma sunan Abale, rawar da Daddy Hikima ya taka, ya shiga bakin yara a birni da ƙauye. Masu shirya irin waɗannan finafinai suna cewa madubi suke ɗaga wa al'umma. Masu suka kuma suna cewa yaro ba ya jiran darasin da ke kashi na ƙarshe, tun kashin farko ya ɗauki salon magana da tafiya da riƙon makami.

Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, ta karkata ga ra'ayi na biyu. A Satumba 2021, ƙarƙashin Isma'ila Na'abba Afakallah, ta hana finafinan da ke nuna garkuwa da mutane da shan ƙwaya da ƙwacen waya. A 2024, ƙarƙashin Abba El-Mustapha, ta hana masu nuna daba da daudu.

Bambanci ɗaya ya fito fili tsakanin masu kallon biyu. Bahaushe ya saba da cewa ƙarshen alewa ƙasa, don haka yana jiran ya ga mugu ya mutu, ko an ɗaure shi, ko ya tuba a gaban uwarsa ko malaminsa. Chase kuwa ya rufe wasansa da yanke hoto ya koma baƙi ana tsakiyar cin abinci, bai faɗi makomar Tony ba, abin da ya fusata dubban masu kallo. Sai dai tubar da ake gani a finafinan Hausa sau da yawa hawaye ce da neman yafiyar iyaye. Ba kasafai ake nuna an mayar da wayar da aka ƙwace, ko an je gidan wanda aka sara ba.

Batun jiyya ma ba baƙo ba ne a wannan yanki. Binciken da hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta yi a 2018 ya ƙiyasta masu amfani da ƙwayoyi a Nijeriya sun kai miliyan 14.3. Asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau da cibiyar gyaran hali ta Ƙiru, wadda ba ta da nisa da Madobi, an tanade su ne domin irin waɗannan matasa. Uban da ɗansa ya dawo daga can ya daina shaye-shaye yana fuskantar tambayar Melfi: yaron ya warke, amma ya fita daga haƙƙin mutane?

5.0 Mahangar Malaman Musulunci

Musulunci bai raina jiyyar rai ba. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 322 bayan Hijira, ya ware rabin littafinsa Masalihul Abdani wal Anfus ga fushi da tsoro da baƙin ciki da waswasi. Ya bambanta baƙin ciki mai sanannen dalili da wanda ke tasowa daga jiki yana buƙatar magani, ya kuma yi nuni da amfanin zantawa da mai hikima. Firgicin Tony ciwo ne na gaske, kuma mai laifi ma yana da damar a yi masa magani.

Tuba kuwa tana da sharuɗɗan da duk wanda ya karanta Ahalari a zaure ya sani: nadama kan abin da ya wuce, barin saɓon nan take, da niyyar ƙin komawa. Risalar Ibn Abi Zaid ta ƙara da mayar da abin da aka zalunta, haka ma Imam Nawawi ya sanya fita daga haƙƙin mai haƙƙi sharaɗi na huɗu. Idan aka auna Tony da wannan ma'auni, yana da damuwa, wani lokaci har da ɗan abin da ya yi kama da nadama, amma bai cika sharaɗi ko ɗaya ba. Aya ta 33 da 34 na Suratul Ma'ida sun yi bayanin hukuncin ɗan fashi da togaciyar wanda ya tuba kafin a kama shi. A mazhabar Malikiyya wannan tuba tana kayar da haddin fashi, amma dukiya da jinin mutane suna nan a wuyansa. Hadisin muflisi da Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira (RA) ya nuna makomar wanda ya zo da ibada mai yawa alhali ya zagi wannan, ya ci dukiyar wancan, ya zubar da jinin wani.

Hadisin mutumin da ya kashe rai 99, wanda Bukhari da Muslim suka ruwaito daga Abu Sa'id al-Khudri (RA), shi ya fi kusa da wannan matsala. Mai bautar da ya fara tambaya ya rufe masa ƙofa, sai ya cika ɗari da shi. Malamin da ya tambaya daga baya ya buɗe masa ƙofar tuba, ya kuma umarce shi da barin garinsa zuwa garin mutanen kirki. Malamin ya haɗa saurare da umarnin sauya rayuwa. A wasan an raba su: Melfi ta saurari Tony shekaru, Krakower ya faɗa wa Carmela gaskiya a zama ɗaya, kuma babu wanda ya bar garinsa a cikinsu.

Game da kallon kansa, ba da labarin laifi ba haramun ba ne a asalinsa, domin Alƙur'ani ya kawo ƙissar ɗan Annabi Adam (AS) da ya kashe ɗan'uwansa da ta 'yan'uwan Annabi Yusuf (AS). Abin dubawa shi ne inda labarin ke ajiye zuciyar mai ji, a wajen wanda aka zalunta ko a wajen azzalumi, da kuma shekarun mai kallon.

6.0 Kammalawa

An ga cewa masu tausaya wa Tony sun yi daidai da suka gane ciwonsa, masu sukar jiyyarsa kuma sun yi daidai da suka lura cewa sauƙin da yake samu bai amfani waɗanda yake zalunta ba. Darasin ga malamai da ɗalibai a wurare irin su Madobi shi ne kada a hana matashin da ya faɗa shaye-shaye da daba zuwa asibiti da sunan cewa addu'a ta isa, kada kuma a ɗauki sallama daga asibiti a matsayin kammala tuba. Masu shirya finafinai kuwa, idan faɗakarwa suke nufi, ya kamata su nuna tuba da tsadarta, har zuwa ƙofar gidan mai haƙƙi. Allah ne Mafi sani.