Wasannin intanet da ba a saukewa: me ke riƙe yara a gaban allo?

Ba sai an sauke wata manhaja ba, ba a kuma biyan ko dala kafin a fara. Yaro ya buɗe Chrome ko Firefox, ya rubuta adireshi, sai wasa ya tashi. Wannan sauƙi ne ya sa wasannin da ake yi kai tsaye a shafin intanet suka dace da ƙananan wayoyi masu ƙarancin wurin ajiya, irin waɗanda ke hannun matasa da dama daga Damagaram har Yamai. Waɗanda suka fi riƙe mutum a cikinsu su ne masu haɗa salo biyu.

Salo na farko ya samo asali daga manyan akwatunan wasa da ake jefa wa tsabar kuɗi, irin su Space Invaders na shekarar 1978 da Pac-Man na 1980, dukkansu daga Japan. A nan saurin ido da na hannu ake buƙata, kuma wasa kan ƙare cikin ƴan mintoci. Salo na biyu, wanda ake kira RPG, ya fito ne daga Dungeons & Dragons, wasan takarda da alƙalami da aka fitar a Amurka a 1974. A cikinsa mai wasa yana da gwarzo guda da yake reno: yana tara maki, yana hawa mataki, yana samun makami mafi ƙarfi.

Idan aka haɗa biyun, faɗuwa ba ta zama asara gaba ɗaya. Vampire Survivors, wanda ɗan ƙasar Italiya Luca Galante ya fitar a 2021, misali ne mai kyau. Gwarzon yana kai hari da kansa, aikin mai wasa shi ne kauce wa dodanni da tsintar duwatsun da suke zubarwa. Duk lokacin da duwatsun suka cika ma'auni, sai a ba shi zaɓi tsakanin makamai uku ko huɗu. In an kashe shi, zinariyar da ya tara tana nan, da ita zai ƙara ƙarfi kafin zagaye na gaba. Shi ya sa yaro kan ce “saura ɗaya” har dare ya raba. Wasan da aka fara sakawa kyauta a shafin itch.io ya lashe kyautar BAFTA ta wasan da ya fi fice a 2023.

Kafin wannan zamani, yawancin irin waɗannan wasanni da fasahar Flash ake yin su, a shafuka kamar Newgrounds, Miniclip da Kongregate. A 2010 shugaban Apple Steve Jobs ya bayyana dalilansa na hana Flash shiga iPhone, sannan kamfanin Adobe ya daina kula da ita a ranar 31 ga Disamban 2020. Dubban wasanni sun daina buɗuwa, sai waɗanda ƴan sa kai suka adana a shirin Flashpoint. Yanzu HTML5 ce ta maye gurbinta, ita ce kuma ke aiki a kwamfuta da wayar salula baki ɗaya.

Kyautar da ake faɗi tana da farashi. Shafukan suna samun kuɗi ne daga tallace-tallace, kuma bidiyon talla yana cin megan da aka saya. Wasu wasannin suna sayar da akwatin sa'a: mutum ya biya bai san abin da zai samu ba. A 2018 hukumar kula da caca ta Beljiyam ta yanke cewa irin waɗannan akwatuna caca ne. Shi kansa Galante ya taɓa aiki a masana'antar injunan caca, kuma ya yi amfani da wannan sani wurin tsara walƙiya da kiɗan da ke tashi idan an buɗe akwatin taska, ko da yake a wasansa ba a biyan kuɗi don buɗewa.

A 2019 Hukumar lafiya ta duniya OMS ta saka jarabar wasannin bidiyo cikin jerin cututtuka. Sai dai yawan wasa kaɗai bai isa a ce yaro ya kamu ba. Alamomin su ne kasa tsayawa, fifita wasa a kan sauran harkoki, da ci gaba duk da illar da ake gani, galibi na tsawon wata 12. Ga iyaye, abin dubawa shi ne barci, aikin lakwal, da kuma ko lambar sirrin asusun kuɗi na waya tana hannun yaro. Tun da zagaye guda a Vampire Survivors yakan tsaya a minti 30, ya fi sauƙi a yi yarjejeniya da yaro a kan yawan zagaye maimakon a ƙwace wayar ana tsakiyar wasa.