Dandalin Vendôme: Kasuwar da Ba a Tayi

A tsakiyar birnin Paris akwai dandali mai kusurwa takwas, Vendôme, wanda magini Hardouin-Mansart ya zana wa Sarki Luwi na 14 a 1699. Ɗan kasuwar da ya saba da hayaniyar kasuwar Maraɗi zai yi mamakin shirun wurin: ba dillali, ba tayi, sai masu gadi a bakin ƙofa.

Hasumiyar tsakiya, mai tsawon mita 44, Napoleyon ne ya sa aka lulluɓe ta da tagullar igwoyin da ya ƙwato a yaƙin Austerlitz na 1805. Ƴan tawaye sun kayar da ita a 1871, aka sake tsayar da ita.

Maƙerin zinariya Boucheron ya buɗe kanti a nan a 1893, otal ɗin Ritz ya biyo baya a 1898. Abin da mai saye ke biya ya fi nauyin zinariya: suna ne da aka tsare fiye da shekara ɗari.

Kallo dai kyauta ne. Mai ziyara ya tsaya a gida mai lamba 13, Ma'aikatar Shari'a. A bangonta akwai ma'aunin mita na dutse, domin kowa ya gwada awonsa. Ciniki ba ya ɗorewa sai da mudun gaskiya.