Idan Injin Jirgin Ruwa Mai Filafilai Ya Ɗau Zafi

Jirgin ruwa mai filafilai iska ce ke tura shi, amma ran da iska ta kwanta, ko za a kutsa tasha mai cunkoso, ƙaramin injin dizal da ke cikinsa, irin su Yanmar ko Volvo Penta, shi ne madogara. Wannan inji ba shi da lagireto irin na mota. Ruwan teku yake zuƙa ta wani bawul a ƙasan jirgin, ruwan ya ratsa matata, famfo ya tura shi cikin siraran bututu inda yake kwashe zafin ruwan da ke zagaya injin, sannan ya fice ta salansa tare da hayaƙi.

Don haka idan ƙararrawar zafi ta yi kuka, kafin a ɗauki sifana, a rage wuta a leƙa bayan jirgi. Ruwa na fitowa daga salansa kuwa? In babu, ko ɗigowa kawai yake, a kashe injin nan take, a bi hanyar ruwan tun daga farko. Sau da yawa bawul ne aka manta ba a buɗe ba, ko leda ta toshe bakinsa, ko ciyawar ruwa ta cika matata.

In duk waɗannan lafiya lau, sai a rufe bawul a kwance famfo. A cikinsa akwai 'yar farfela ta roba wadda ruwa ne ke hana ta ƙonewa. 'Yan mintoci ta juya a bushe, fukafukanta sun karye. A nan mutane ke gaggawa, su saka sabuwa su ɗaure. Ina gutsattsarin tsohuwar? Sun yi gaba, sun maƙale a bakin siraran bututun nan. A ƙirga fukafukan da suka ɓata, a zaƙulo su duka, in ba haka ba zafi zai dawo.

Idan kuwa ruwa na fita sosai amma zafi bai sauka ba, a duba ko fambel ya saki, ko ruwan cikin injin ya ragu, ko tamosta ta maƙale. Injin da sai an ba shi wuta yake zafi, galibi gishiri da baƙin hayaƙi ne suka matse bututu ko gwiwar salansa. Murfin ruwan cikin injin dai kada a buɗe shi sai injin ya huce, tururinsa na saɓule fata.

Mai jirgi, ka riƙa sauya farfelar nan duk shekara, kuma kada ka bar tasha ba tare da wata a ajiye ba.