Kayan aikin fenti

Kayan aikin fenti su ne kayayyakin da mai fenti ke amfani da su domin aiki ya yi sauƙi da tsabta. Kalmomin fenti, burushi da rola duk aro ne daga Turanci.

Rola na shafe bango mai faɗi, burushi na shiga lungu. Ana tace tsohon fenti don cire gudaji, a shimfiɗa leda saboda ɗiga. Fentin mai da kananzir ake wanke shi. Mai kankare tsohon fenti yakan sa takunkumi, domin ƙurarsa na iya ɗauke da dalma mai cutar da yara.

Kafin zuwan fentin gwangwani, a ƙasar Hausa, har da yankin Kazaure, ana shafe bango da farar ƙasa ko makuba.