Rigar Nutso: Abubuwan Mamaki da Abin da Ke Kashe Ta

Baƙar rigar nan mai kama jiki, wadda masu nutso a teku da masu hawan igiyar ruwa ke sawa, ba ta hana ruwa shiga. Yana kutsawa ta wuya da hannu da ƙafa, ya kwanta tsakanin fata da riga. Abin da ke hana mutum sandarewa yana cikin robar kanta: cike take da 'yan mitsi-mitsin kumfa na iskar naitirojin, kowanne a rufe ruf. Ruwa ya fi iska zuƙe ɗumin jiki kusan sau 25, kumfan nan ne ke tare ɗumin. Duk wata dabarar kula da rigar, in ka bi diddigi, kumfan take karewa, sai kuma gam ɗin da ya haɗa gaɓoɓinta.

Sunan robar niyofirin. A kamfanin DuPont na Amurka aka samo ta a 1930, bisa binciken wani limamin Katolika, Julius Nieuwland, malamin kimiyyar sinadarai a Jami'ar Notre Dame. Rigar kuwa, Hugh Bradner na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ne ya haɗa ta a farkon shekarun 1950, amma bai mallaki haƙƙin ƙirƙirarta ba, wasu suka ci moriyar. Cikinsu akwai Jack O'Neill, wanda ya buɗe shagonsa a San Francisco a 1952.

Rigunan farko zallar roba ne, babu yadi a ciki, sai mutum ya barbaɗe jikinsa da hoda kafin ta shiga. Yau dabarar ta fi arha: ka sa ƙafarka cikin leda, ta zame cikin rigar salin-alin, ka zare ledar. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin a wurin sawa da cirewa riga ta fi yagewa. Farce ɗaya ya isa ya tsaga fuskar robar mai santsi, shi ya sa 'yan gasar ninkaya ke jan ta da tsokar yatsu, wasu har safar hannu suke sawa.

Teku ma tana cin rabonta. A zurfin mita 10 matsin da ke kan jiki ya ninka na tudu sau biyu, kumfan su matse, rigar ta yi siriri, sanyi ya ƙaru. In aka fito takan dawo, amma ba duka ba. Rigar da ta sha nutso mai zurfi takan koma kamar katifar soso da aka shekara ana kwana a gefe ɗaya, kuma babu gyaran da ke dawo da kumfan da ya mutu.

Duk da haka, a ganina, ɓarnar da ta fi yawa a tudu ake yin ta, kuma da hannun mai riga. Ruwan zafi yana sassauta gam. Rana tana busar da robar har ta tsattsage. But ɗin mota da tsakar rana ya haɗa zafi da danshi da wari wuri guda. Gishirin teku in ya bushe yakan zama tsakuwa-tsakuwa, ya goge ɗinki, ya daskarar da zif. Maganin duka bokiti ne na ruwan daɗi mai sanyi bayan kowace fita, sai a juya cikinta waje a shanya a inuwa, in ciki ya bushe a juyo. Injin wanki da dutsen guga haramun ne gare ta.

Hanga ma abokiyar gaba ce. Jiƙaƙƙiyar riga tana da nauyi, in ka rataye ta ta kafaɗa sai nauyin ya ja kafaɗun su miƙe har abada, a daidai wurin da mai iyo ya fi bukatar roba mai rai. A naɗe ta ta ƙugu a kan sanda mai kauri. Kada kuma a ninke ta a danne cikin akwati, layin ninkin ba ya gogewa. Basilin da wasu ke shafawa a wuya don kada riga ta goge fata yana cutar da roba da gam, saboda daga man fetur aka yi shi.

Ga kuma wasu abubuwan mamaki game da rigar. Matan haenyeo na tsibirin Jeju a Koriya ta Kudu, masu nutso ba tare da tukunyar iska ba, da tufafin auduga suke shiga teku har cikin hunturu, sai a shekarun 1970 suka koma rigar roba, zamansu a ruwa ya ƙaru ƙwarai. UNESCO ta sa sana'arsu cikin al'adun duniya a 2016. Masu ƙetare mashigin ruwan da ke tsakanin Ingila da Faransa da iyo kuwa, ƙa'idar gargajiya ta hana su sa rigar. Matthew Webb, wanda ya fara ƙetarewa a 1875, man wata dabbar teku ya shafe jikinsa da shi. A San Francisco an taɓa ɗinka wa wani tsohon tsuntsun fengwin mai suna Pierre rigar niyofirin, bayan gashinsa ya zube yana rawar ɗari ya ƙi shiga ruwa. Ya koma iyo, gashin ya fito.

Abin da ya sa nake damuwa da tsawon ran rigar nan ya wuce tsadarta. Niyofirin ba ya ruɓewa a juji, kuma sinadarin da ake yin sa da shi, kulorofirin, hukumar kare muhalli ta Amurka ta sa shi a 2010 cikin waɗanda ake kyautata zaton suna jawo ciwon daji. Kamfanin Patagonia ya daina amfani da niyofirin a rigunansa a 2016, ya koma robar itace. Mai riga a hannu kuwa, faci ya rage masa: a busar da wurin da ya yage, a shafa gam ɗin niyofirin a bakin tsagar ɓangare biyu, a bari ya sha iska har ya daina kama yatsa, a ƙara shafi, sannan a haɗa bakin a matse, a bar ta ta kwana kafin a koma ruwa.